Rigar aro da fatar jiki: 'yan wasan The Wire da mutanen da suka fito a matsayinsu

Wata rana ana tsakiyar ɗaukar shirin The Wire a wani lungu na birnin Baltimore da ke Amurka, Andre Royo yana cikin kayan wasansa. Tsummokara ne a jikinsa, an yi masa kwalliyar ƙuraje a fuska, an ɓata masa haƙora, domin a shirin shi ne Bubbles, mashayin da ƙwaya ta gama cinyewa. Sai wani mutumin unguwar, mashayi na gaske, ya matso ya danƙa masa 'yar kwalbar hoda a hannu, ya ce da alama ya fi shi buƙatarta. Royo ya sha ba da wannan labari, kuma yakan ce a wurinsa kwalbar nan ita ce lambar yabon da titi ya ba shi.

Da aka tashi daga aiki ranar, Royo, wanda haifaffen unguwar Bronx ne a New York, ya wanke fuska, ya tuɓe tsummokaran, ya koma masauki. Wanda ya ba shi kwalbar ya koma lungunsa. Tun da na ji labarin nan nake juya shi a raina, don ina ganin duk abin da ya sa shirin ya fita daban, da kuma abin da ke damuna game da shi, yana tsakanin mutanen nan biyu.

The Wire shiri ne mai dogon zango da tashar HBO ta Amurka ta nuna daga Yunin 2002 zuwa Maris na 2008, zango 5, kashi 60. Sunan ya samo asali ne daga tarkon da 'yan sanda ke ɗana wa wayar mutum da izinin alƙali don su saurari maganganunsa. David Simon, wanda ya ƙirƙiro shi, ya yi aiki a jaridar Baltimore Sun daga 1982 zuwa 1995, akasari yana bin labaran 'yan sanda, kuma a 1988 ya tare shekara guda cur a sashen binciken kisan kai na garin. Abokin aikinsa Ed Burns ya yi shekara 20 yana ɗan sanda a nan, da ya ajiye aikin ya koma koyarwa a makarantar gwamnati. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A lokacin shirin garin nasu na da mutum dubu 600 da ɗoriya, kusan biyu cikin uku baƙar fata ne, kuma daga 2002 zuwa 2007 babu shekarar da ba a kashe sama da mutum 250 a cikinsa ba. Wanda bai kalli shirin ba ya yi mini uzuri, zan fasa ƙwai da yawa a ƙasa. Ya kuma sani cewa akwai ashar da abubuwan da ba a kallo tare da yara.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Chana a gidan kallo, da an kunna fim tambayarmu ta farko ita ce: wane ne akta, wane ne bos? Da ka gane su hankalinka ya kwanta, ka san inda za a ƙare. The Wire ta ƙi amsa wannan tambaya har kashi na 60. Wanda aka fara miƙo mana kamar akta shi ne Jimmy McNulty, ɗan sandan ciki mai kaifin basira, amma mashayin giya ne, ya kashe aurensa da hannunsa, kuma binciken da ya ɗauki zangon farko gaba ɗaya ya taso ne saboda ya tsallake shugabanninsa ya je ya yi wa wani alƙali surutu. Tausayin waɗanda aka kashe bai kai masa son a ce ya fi kowa wayo ba. A zango na 4 ma sai ya kusan ɓacewa, saboda Dominic West da ke taka rawar ya nemi a rage masa aiki ya je ya zauna da iyalinsa a Landan. Labarin bai girgiza ba. Da yawan masu kallo, har da ni, zangon nan suka fi ɗauka da daraja. Ta ɓangaren bos kuwa, an ɗaure Avon Barksdale, uban gidan dillalan ƙwaya, an kashe na hannun damarsa Stringer Bell, ba a ko share jinin ba Marlo Stanfield ya gaje kwanonin sayar da ƙwayar, kuma ya fi su rashin imani.

Simon ya sha bayyana cewa ya ɗauko tsarin ne daga wasannin Girkawan dauri, inda mutum ke ta fafutuka amma allolinsu sun riga sun yanke masa hukunci. Shi sai ya cire allolin ya sa hukumomi a gurbinsu: rundunar 'yan sanda, kasuwar ƙwaya, tashar jiragen ruwa da ke mutuwa, ofishin magajin gari, makarantu, gidan jarida. Kowane zango sai a ƙaro ɗaya. Abin da wannan ke nufi ga mutanen cikin labarin shi ne kowannensu kujera yake zaune a kai, kujerar kuwa ta girme shi kuma za ta wuce shi.

An nuna wannan tun a kashi na 3. D'Angelo Barksdale, ɗan 'yar'uwar Avon, wanda aka rage wa matsayi aka tura shi ya kula da yaran da ke sayarwa a tsakar wasu gidajen talakawa, ya tarar da biyu daga cikinsu, Bodie da Wallace, sun baje darar Turawa mai sarki da sarauniya, amma suna buga wani wasan daban da 'ya'yanta don ba su san ƙa'idarta ba. Ya zauna ya koya musu. Ya ɗaga sarki, ya kwatanta shi da kawunsa: ba ya motsi da yawa, kowa shi yake karewa. Ya ɗaga sarauniya, ya kwatanta ta da Stringer, mai zirga-zirga da aiwatarwa. Sai ya zo kan ƙananan 'ya'yan da ke sahun gaba, ya ce su ne sojoji, kuma su ake fara cinyewa. Bodie ya tsaya a kan cewa in ɗan ƙaramin yana da wayo ai zai iya kaiwa ƙarshen allon. Ka dubi fuskar D'Angelo a lokacin, Larry Gilliard Jr. ne ke wasan, wanda a Baltimore ya girma. Bai musa wa yaron ba, ya dai dube shi irin duban wanda ya san amsa amma ba ya son faɗa. Su ukun nan babu wanda ya ga ƙarshen shirin. Wallace, yaron da ke tashi da asuba yana raba wa ƙananan marayun da ke kwana tare da shi abin da za su tafi da shi makaranta, abokansa biyu ne suka harbe shi bisa umarnin Stringer, Bodie na ɗaya daga ciki. An shaƙe D'Angelo a gidan yari aka ce rataye kansa ya yi. Bodie ya kai har zango na 4, ya yi biyayya, aka harbe shi a kwanar da ya ƙi gudu ya bari.

Ɓangaren 'yan sanda ma haka allon yake. Manya na matsa wa na ƙasa su kawo alƙaluman da ke nuna laifi ya ragu, don magajin gari na son ya ci zaɓe, sai a riƙa mayar da babban laifi ƙarami a kan takarda. Da Prez, ɗan sandan da ya kasa aikin, ya koma malamin lissafi, sai ya tarar a makaranta ma abin da ake yi ke nan, ana haddatar da yara amsoshin jarrabawa don a ce makaranta ta ci gaba. A mintunan ƙarshe na shirin an nuna kujerun suna cika. Michael, ɗalibin da muka sani a zango na 4, ya ɗauki bindiga yana yi wa dillalai fashi kamar Omar, sanannen ɗan fashin shirin. Dukie, abokinsa mai ƙwaƙwalwa wanda ba shi da kowa, yana ɗaure hannu zai yi wa kansa allura kamar Bubbles. Wani matashin ɗan sanda, Sydnor, yana ofishin alƙalin nan yana kai ƙarar shugabanninsa kamar yadda McNulty ya yi a kashi na 1.

Labari irin wannan ba ya son sanannar fuska. In ka sa tauraro a fim, mai kallo ya san ba za a kashe shi a tsakiya ba, mu ma nan mun san yadda ganin wasu jaruman Kannywood a fosta ke gaya maka wanda zai auri yarinyar tun kafin a fara. Saboda haka masu zaɓen 'yan wasa, Alexa Fogel a New York da Pat Moran a Baltimore, suka tara mutanen da kusan babu wanda ya san su a lokacin. A nan ne rigar aro da fatar jiki suka rabu.

Wasu daga nesa suka zo ƙwarai. Dominic West ɗan Sheffield ne a Ingila, ya yi makarantar Eton ta 'ya'yan masu hali. Aidan Gillen, wanda ya fito a Carcetti, ɗan siyasar da ya shigo da niyyar gyara ya ƙare yana lissafin kujerar gwamna, ɗan Ailan ne. Amma babu kamar Idris Elba. An haife shi a Hackney ta Landan a 1972, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa 'yar Gana. Shi da bakinsa ya faɗa cewa lokacin gwaji ɓoye harshensa na Landan ya yi, ya riƙa magana kamar Ba'amurke, sai daga baya ya faɗi gaskiya. Rawar da aka ba shi, Stringer Bell, ita ce ta fi kowace wuyar kamawa a ɓangaren dillalan. Mutum ne da ke ba da umarnin kisa da rana, da yamma ya sa tabarau ya je kwaleji yana ɗaukar darasin tattalin arziki. Yana so ya mayar da harkar kasuwanci zalla, a daina harbe-harbe a kan kwana tunda gawa ce ke jawo 'yan sanda, a haɗa kai da sauran dillalai a sayo kaya mai kyau a kan sari. Har taro yake kira da shugaba da ɗaga hannu kafin a yi magana. Da ya ɗebi kuɗin ya nufi harkar gine-gine don ya zama mutumin kirki a idon duniya, sai ya haɗu da waɗanda suka fi shi iya sata, wani sanatan jiha mai suna Clay Davis ya yi masa wankin babban bargo ba tare da ya taɓa riƙe bindiga ba. A ƙarshe shi da Avon, aminan da suka tashi tare, kowa ya sayar da ɗan'uwansa a mako guda. Elba ya taka wannan rawa da nutsuwa, ba ya ɗaga murya sai ta kama dole, kuma ko a tsaye yake kawai kana jin yana lissafi. Da aka kashe Stringer a zango na 3, Elba ya tuɓe rigar ya ci gaba. Ya yi Luther a BBC, ya fito a Mandela a 2013. West ya zo ya fito a Yarima Charles. Michael B. Jordan, wanda yake ɗan shekara 15 lokacin da aka nuna shi a Wallace, yau yana cikin manyan jaruman Amurka. Ba na faɗin wannan don in rage musu komai, aikinsu ke nan kuma sun yi shi da kyau. Akwai ma Gbenga Akinnagbe, wanda iyayensa Yarbawa ne daga Najeriya, da ya fito a Chris Partlow, makashin Marlo mai magana a hankali kamar mai lallashi.

Sauran kuwa mutanen garin ne, kuma wasunsu labarinsu ake bayarwa. Ed Norris ya riƙe kwamishinan 'yan sandan Baltimore na gaske daga 2000 zuwa 2002, a shirin ya fito a ƙaramin ɗan sandan ciki mai sunansa, mai yawan ƙorafi a kan manya, daga baya kuma a rayuwar gaske ya yi wata 6 a gidan yari kan taɓa kuɗin rundunar. Kurt Schmoke, magajin garin daga 1987 zuwa 1999, wanda ya sha suka tun a 1988 da ya ce a fara kallon shaye-shaye a matsayin cuta maimakon laifi, shi aka sa ya fito a kwamishinan lafiya a zangon da wani babban ɗan sanda ya ware wasu kangwaye ya ce a sayar da ƙwaya a can kawai a bar sauran unguwanni su huta. Robert Chew, mai jiki, wanda ya fito a Proposition Joe, malamin wasan kwaikwayo ne na yara a garin, shi ya horar da yara huɗu 'yan makaranta na zango na 4.

Sai Melvin Williams. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 yana cikin manyan dillalan hodar hiroyin a yammacin Baltimore. A 1984 aka kama shi ta hanyar sauraron waya, kuma Ed Burns na cikin waɗanda suka yi binciken. Simon ya rubuta labarinsa a jarida. Wani ɓangare na halin Avon daga gare shi aka ɗauko. Bayan shekara 20, sai ga wanda ya kama shi da wanda ya rubuta labarinsa sun ɗauke shi aiki, suka ba shi rawar dattijon coci mai jan matasa daga titi. Duk lokacin da ya fito yana yi wa wani tsohon ɗan daba nasiha cikin sanyin murya, nakan rasa yadda zan ji. Muryar ta gaskiya ce, domin ya san abin da yake faɗa fiye da kowane marubuci. Amma unguwannin da ake nunawa a bayansa, kangwaye jere da juna da katako a tagoginsu, yana da hannu a yadda suka zama haka.

Wannan damuwa ta fi tsanani a kan Felicia Pearson, wadda ake kira Snoop a shirin da kuma a gida. An haife ta a 1980, bakwaini, uwarta mashayiya, a hannun riƙo ta tashi. Ba ta wuce shekara 15 ba ta harbe wata yarinya har lahira, ta yi shekaru a gidan yarin mata na Jessup. Bayan ta fito ne Michael K. Williams, mai taka rawar Omar, ya gan ta a wani gidan rawa a Baltimore, ya ji yadda take magana, ya kai ta wurin masu shirin. Ba ta taɓa koyon wasa ba. Zango na 4 da ita aka buɗe shi: ta shiga kantin kayan gini tana neman bindigar buga ƙusa, ma'aikacin kantin, wani Bature mai fara'a, yana yi mata bayanin wadda ta fi ƙarfi, ita kuma tana kwatanta ta da harsashi cikin jin daɗi, har fuskar mutumin ta fara canzawa. Ta zaro kuɗi ta ba shi fiye da farashin ta ce ya riƙe canjin. Sai can gaba muke gane abin da ake yi da na'urar: in ita da Chris suka kashe mutum a cikin kango, da ita suke mayar da katakon ƙofar su rufe, gawa fiye da 20 ba wanda ya sani. Babu makarantar da za ta koya wa mutum tafiyar Snoop ko harshenta, har Amurkawa da yawa sai da rubutun ƙasa suke gane abin da take cewa. To amma yarinyar da ta kashe tana da dangi a garin nan, kuma suna iya kunna talabijin su ga wadda ta kashe musu 'ya tana wasan kisa ana tafa mata. Na yarda cewa wanda ya gama zaman hukuncinsa yana da haƙƙin neman halaliyarsa, kuma gara a ba ta aiki da a bar ta a kwana. Duk da haka ba na jin daidai ne mai kallo ya ji daɗin fitowar nan ba tare da ya tuna da waccan yarinyar ba. Shaharar ma ba ta fitar da Pearson daga unguwar ba. A Maris na 2011 aka kama ta a wani samame tare da mutum sama da 60, ta amsa laifin haɗa baki a harkar ƙwaya, aka yi mata ɗaurin talala.

Tsakanin 'yan nesa da 'yan gida akwai waɗanda suka zo a matsayin ƙwararru amma rawar ta taɓa musu tsohon miki. Sonja Sohn, wadda ta fito a Kima, 'yar sandan ciki, ta ce a zangon farko kalmomi kan ɓace mata a gaban kyamara saboda unguwannin na tuna mata inda ta tashi a Virginia, har ta kusa ajiye aikin. Da aka gama shirin ta kafa wata ƙungiya ta taimaka wa matasan Baltimore. Mawaƙin nan Steve Earle, wanda ya fito a Walon mai riƙe hannun Bubbles a hanyar daina sha, shi ma tsohon mashayi ne da ƙwaya ta taɓa kai shi kurkuku.

Babu wanda abin ya ci kamar Michael K. Williams. Omar Little, rawar da ya taka, ɗan fashi ne da ba ya taɓa kowa sai dillalan ƙwaya. Yana tafe da doguwar riga da bindigarsa a ƙarƙashi, yana fito, yara na gudu suna shelar zuwansa. Ba ya ashar, ba ya ɗora bindiga a kan wanda ba ya cikin harkar, kuma yakan raka kakarsa coci ranar Lahadi. Marubutan sun sa shi yana soyayya da namiji ɗan'uwansa a fili, a duniyar da hakan kaɗai ya isa a raina mutum, kuma kisan gillar da aka yi wa saurayin nasa ne ya sa ya ɗaura yaƙi da gidan Barksdale. A kotu, da lauyan dillalan ya kira shi mai cin jinin unguwa, sai ya nuna masa cewa bambancinsu kawai shi bindiga yake riƙewa, lauyan kuma jaka. Barack Obama ya ce a 2008 Omar ne ya fi burge shi a shirin. Shi kaɗai ne ba ya ƙarƙashin kowace hukuma, shi ya sa masu kallo suka ɗauke shi akta. Marubutan kuwa ba su yarda ba. A zango na 5 ya shiga wani ɗan kanti sayen taba, wani yaro da bai kai shekarun balaga ba ya harbe shi a ka. A gidan jarida aka ce babu gurbin labarin a shafi, a ɗakin ajiye gawa har an sa masa takardar sunan wani.

Omar ma yana da asali. Cikin mutanen da aka haɗa aka gina shi akwai Donnie Andrews, wanda ya yi irin wannan fashi a Baltimore, ya yi kisa a 1986, ya miƙa kansa ga Ed Burns, ya yarda aka ɗaura masa na'urar naɗar magana, ya zauna a kurkuku har 2005. Da ya fito aka ba shi rawar abokin Omar. Fitowar da Omar ya diro daga bene ya tsira da karayar ƙafa, wadda wasu suka ce ƙarya ta yi yawa, Andrews ya yi ta a gaske, kuma daga hawa na 6, sai ma rage tsawon da aka yi a shirin. Ya rasu a 2012.

Shi Michael K. Williams ɗan rawa ne kafin ya zama ɗan wasa, a gidajen talakawa na Brooklyn ya tashi. Tabon da ya ratsa fuskarsa daga goshi ba kwalliya ba ce, reza aka sa masa a wani faɗa a daren da ya cika shekara 25. Mutum ne mai taushin hali da rashin yarda da kansa, kamar yadda ya sha faɗa, sai ga shi an ba shi rigar wanda ba ya tsoron kowa, kuma duk inda ya bi Omar ake kiransa. Ya ce ya shige cikin rigar har ya rasa inda Mike yake. Kuɗin da ya samu a shirin ya tafi a hodar iblis, aka kore shi daga gidan haya, ya riƙa kwana a ƙasa a gidajen mutane a Newark alhali duniya na yabonsa. Wani coci a jihar New Jersey ne ya taimaka masa ya miƙe, kuma bai taɓa ɓoye cewa yaƙin bai ƙare ba. Ya ci gaba da aiki, ya yi suna, ya yi ta fafutukar a gyara yadda ake ɗaure yara. Ranar 6 ga Satumban 2021 aka tarar da gawarsa a gidansa a Brooklyn, yana da shekara 54. Hodar da ya saya a titi an gauraya ta da fentanil, wata ƙwaya mai tsananin ƙarfi.

Shirin da ya tara waɗannan mutane bai ci lambar Emmy ta shirye-shiryen talabijin ko ɗaya ba. Sau biyu kacal aka sa shi a takara, duka a ɓangaren rubutu, babu ɗan wasa ko ɗaya da aka ambata, har da Royo, wanda fitowarsa ta ƙarshe, lokacin da 'yar'uwarsa ta buɗe ƙofar da ta daɗe tana kullewa ta bar shi ya hau daga ɗakin ƙasa ya zauna cin abinci da ita, na kalla ban san sau nawa ba. A ganina dalilin bai wuce cewa yawancin fuskokin baƙaƙe ne, kuma masu ba da lambar sun ɗauka waɗannan mutane kansu kawai suke nunawa, ba wasa suke ba. Wannan zato ya zalunci irin su Lance Reddick, ɗan Baltimore da ya karanci wasan kwaikwayo a jami'ar Yale kafin ya fito a Daniels, wani babban ɗan sanda a shirin, kamar yadda ya zalunci Pearson, wadda sai da ta koyi haddace layi da tsayawa inda kyamara ke so kamar kowa.

An kama mutum huɗu kan hodar da ta kashe Williams. Wanda ya miƙa masa ita hannu da hannu an ɗaure shi shekara 10. A cikin sauran akwai wani dattijo da ya haura shekara 70, shi ma mashayi ne tun yana matashi, yana sayarwa ne don ya samu abin da zai sha. Kafin a yanke masa hukunci a 2023, David Simon ya rubuta wa alƙaliyar wasiƙa yana roƙon ta yi masa sassauci. Ya ce Williams abokinsa ne, ya san shi, kuma da yana raye shi ne zai fara cewa alhakin abin da ya sha a kansa yake, ba zai so a ƙara tura wani mashayi ya ƙare rayuwarsa a kurkuku da sunansa ba. An yanke wa dattijon shekara biyu da rabi.